Yadda Ake Cin Abinci da Ginin Tangaran: Daga Yumɓu Zuwa Hannun Mai Saye

Tambaya ɗaya ce take ta dawo mini da fuska daban-daban: "Hannuna ya faɗa da gini, duk wanda ya ga kayana sai ya yaba, to ta ina zan fara in mayar da abin sana'a?" Amsar da nake fara bayarwa ba ta cika yi wa mutane daɗi ba. Iya gini sana'a ɗaya ce, iya sayarwa wata ce daban, kuma ta biyun ce take ciyar da ta farkon. Masu yabo ba su ne masu saye ba. Wanda ya daɗe a harkar nan ba lallai ya fi kowa gwaninta ba, sau da yawa shi ne dai wanda ya san abin da kofi ɗaya yake cinye masa, tun daga yumɓu har kwalin da zai saka shi. Ga matakan a jere, yadda ya kamata su biyo juna.

1. Tsayar da abin da za ka riƙa ginawa

Zaɓi abubuwa uku zuwa biyar, ka tsaya a kansu. Kofi mai mariƙi, kwano madaidaici, faranti, ƙaramin mazubin furanni, wataƙila da tukunyar shuka. Sabon magini yana so kowane abu ya fito daban da ɗan'uwansa, kuma da gaske akwai daɗi a hakan, amma wanda ya sayi kofi biyu yau zai dawo bayan wata uku yana neman huɗu irinsu sak. In ba za ka iya maimaitawa ba, ka rasa shi.

Maimaitawa tana farawa ne daga sikeli. Auna yumɓun kowane abu kafin ka fara gina shi, ka rubuta. Kofi madaidaici yakan ci giram 350 zuwa 450. Rubuta tsayinsa da faɗin bakinsa yana ɗanye, ka manna takardar a bango inda idonka zai riƙa kaiwa. Manyan kaya na ado, waɗanda kake yi don ranka ya yi fari, ba a hana ka ba. Su ne suke jan ido a wurin baje koli. Amma ƙananan nan na kullum su ne masu biyan haya.

2. Daidaita yumɓu da zafin wuta

Kafin ka sayi komai mai tsada, yanke shawarar zafin da za ka riƙa gashi a kai, domin yumɓu da tanderu da ruwan sheƙi, wato ruwan da ake tsoma kaya a ciki ya narke a wuta ya zama kamar gilashi a jikinsu, duk a kansa suke rataye. Jan yumɓu na ƙaramar wuta yana gasuwa ne tsakanin digiri 1000 zuwa 1150, kuma ko bayan gashi yakan ci gaba da shan ruwa. Yumɓu mai zama kamar dutse yana buƙatar digiri 1200 zuwa 1300. Farin tangaran mai laushi yana son babbar wuta shi ma, ga tsada ga wuyar sarrafawa, ban ba sabon shiga shawarar ya fara da shi ba.

Masu sana'ar ba da digiri kaɗai suke magana ba, da kon suke yi. Kon wani ɗan siririn abu ne mai tsini da ake ajiyewa cikin tanderu, yana lanƙwashewa idan zafi da tsawon lokaci sun kai wani mizani, kuma kowane mizani da lambarsa. Kon 6 yana kusan digiri 1220, kon 10 kusan 1285. Mafi yawan masu tanderun lantarki a kon 6 suke aiki, saboda kayan suna yin ƙwari, wuta ba ta ci sosai, wayoyin da suke ba tanderun zafi kuma suna daɗewa.

Gargaɗi: kon 06 da kon 6 ba ɗaya ba ne. Mai sifili a gaba yana wajen digiri 1000 ne kawai. Wanda ya kai yumɓun kon 06 zuwa kon 6 zai buɗe tanderu ya tarar kayan sun narke sun kama allunan da ake jera kaya a kai, wani lokaci har da bangon. Karanta jikin buhu sau biyu.

Da ka samu yumɓun, yi masa gwaji biyu. Na farko, mulmula ɗan allo, ka ja layi mai santimita 10 a kansa, ka gasa, ka sake aunawa. Yawanci za ka ga ya tsuke da kashi 10 zuwa 14 cikin ɗari. In naka kashi 12 yake tsukewa kuma kana son kofi mai tsayin santimita 9, sai ka gina shi ya ɗan haura 10. Na biyu, auna nauyin gasasshen guntu marar sheƙi, ka tafasa shi na wasu awanni, ya kwana a ruwan, ka goge ka sake aunawa. In nauyin da ya ƙaru ya wuce kashi 2 cikin ɗari, bai gasu yadda kayan ci da sha suke buƙata ba.

3. Wurin aiki da kayan aiki

A nan mutane suke binne jarinsu. Kada tanderu ya zama abin da za ka fara saye. In akwai wani magini ko wata cibiyar koyon sana'a da take ba da hayar wuri a tanderunta, yi amfani da ita na wasu watanni tukuna. Za ka san yawan abin da kake iya ginawa a wata, shi zai gaya maka girman tanderun da ya dace da kai. Ƙarami ya yi maka kaɗan ka yi ta gashi ba hutu, babba ka yi wata biyu kana jiran ya cika.

Abin da ake farawa da shi ba shi da yawa: tebur mai ƙarfi, sikeli, waya ta yanka yumɓu, soso, allura, 'yan ƙarafan shara da gyara, bokitai masu murfi, leda, da kantoci. Kantoci da yawa. Duk wanda ya taɓa aikin nan zai gaya maka wurin ajiya ne yake fara ƙarewa. Faifan juyi na lantarki, wanda yake juya yumɓu ana gini a kansa, yana zuwa bayan haka, kuma wanda aka riga aka yi amfani da shi yakan yi aiki shekaru, in dai ka gwada shi ka ga faifan ba ya rawa. Mai gini da hannu zalla, da igiyar yumɓu ko da falle, ba ya ma buƙatarsa.

Ranar da za ka sayi tanderu, fara kiran mai gyaran lantarki ya duba ko layin wurin zai ɗauka. Ajiye shi a kan daɓen da ba ya kamawa da wuta, da tazara daga bango yadda kamfanin ya rubuta, galibi santimita 30 zuwa 45, a ɗakin da iska take fita. Hayaƙin gashi yana ɗauke da iskar da ba a shaƙa, kada ka zauna kusa da shi a rufaffen ɗaki.

Gargaɗi: ƙurar busasshen yumɓu tana ɗauke da silika, sinadarin da ke cikin yashi, wadda take taruwa a huhu a hankali ta jawo cutar da ba ta warkewa. Kada ka share ɗakin aiki da tsintsiya a bushe. Goge da jiƙaƙƙen tsumma. Wajen haɗa garin sheƙi kuma ka sa takunkumi na gaske mai tace ƙura, na ƙyalle ba ya tare komai. Sannan kada ka wanke hannu da kayan aiki kai tsaye a magudanar gida, yumɓu zai kwanta ya toshe bututu. Wanke a bokiti, ya kwanta, ka tsiyaye ruwan sama.

4. Gini da busarwa

Yi aiki rukuni-rukuni. Ranar gini gini kawai, kofi ashirin ko talatin a zama ɗaya. Washegari, idan sun sha iska sun yi tauri kamar fata, a share ƙasansu a sa mariƙi. Yin ɗaya a gama shi sannan a koma wani yana cin lokaci ninki biyu, kuma ba sa fitowa iri ɗaya.

Cuɗa yumɓu sosai kafin ka fara. Danne gindin kowane abu da yatsa ko da katako tun yana kan faifai, ka tsane ruwan da ya taru a ciki, in ba haka ba tsaga mai lanƙwasa za ta bayyana a ƙasan bayan gashi. Wurin haɗa mariƙi, karce ɓangarorin biyu, ka shafa ruwan yumɓu mai kauri, ka danna, sannan ka rufe kofunan da leda na kwana ɗaya ko biyu. Mariƙi siriri ne, yana rigan jiki bushewa, yana ja ya ɓalle. Ruwa ba ya tsami banza: duk tsagar da ka gani akwai abin da ya jawo ta, kuma galibi gaggawar busarwa ce. Rana kai tsaye da fanka abokan gaba ne, musamman ga faranti.

Buga hatiminka a ƙasan kowane abu kafin ya bushe. Bayan shekara biyu baƙo zai juya kofin a gidan wani ya nemi sunan wanda ya yi.

Kada ka zubar da ragowar yumɓu. Muddin bai shiga wuta ba, ana jiƙa shi a shanya a kan allon filasta a sake cuɗawa. Ka dai kula kada ɓarɓashin filastar ya shiga ciki, yana fasa jikin kaya bayan gashi.

5. Gashin farko, sheƙi, gashi na biyu

Ba a sa abu a tanderu sai ya bushe ƙayau. Taɓa shi da kunci ko bayan hannu, in ka ji sanyi akwai sauran ruwa. Ruwa yana zama tururi a digiri 100, in ya rasa hanyar fita sai ya tarwatsa kayan, ɓaraguzan su lalata na kusa da su. Shi ya sa ake riƙe tanderu ƙasa da digiri 100 na 'yan awanni kafin a ƙara wuta, musamman in akwai kaya masu kauri. Akwai wata gaɓar kuma a digiri 573, inda yashin da ke cikin yumɓu yake kumbura farat ɗaya wajen hawa, ya tsuke wajen sauka. A wuce ta a hankali.

Gashin farko yakan tsaya a kon 06 zuwa 04, wato wajen digiri 1000 zuwa 1060. A wannan gashin kaya suna iya taɓa juna, har a jera kwano cikin kwano, don haka cika tanderun maƙil. Bayan sun huce, goge ƙura da jiƙaƙƙen soso, ka shafa kaki a gindi, ka tsoma a ruwan sheƙi. Bar kamar milimita 5 daga ƙasa babu sheƙi, domin yana gangarowa idan ya narke. A gashi na biyu kuwa babu abin da zai taɓa wani, kuma allunan tanderu su sha farin shafin da yake hana kamawa.

Duk sabon sheƙi a kan ƙananan guntaye ake fara gwada shi, da yumɓun da kake aiki da shi, a tanderun da kake aiki da shi. Na taɓa tsoma kofi goma sha takwas a sheƙin da na gani ya yi kyau a hoto ban gwada ba. Ya gangaro ya manne su da allo, sai da guduma na rabu da su. Aikin mako uku ke nan. Launi uku ko huɗu da ka san halinsu sun fi goma sha biyu da kake caca da su.

Sa kon a kowane hawa na tanderu ko da yana da na'urar da take sarrafa kanta, saboda sama da ƙasa ba sa yin zafi ɗaya. Kuma kada ka buɗe sai zafin ya sauka ƙasa da digiri 100. Na san zumuɗin, har yau ina jinsa.

6. Gwaji kafin kaya su bar hannunka

Abin da mutum zai ci ko ya sha a ciki amana ce. Kada ka yi amfani da sheƙi mai dalma ko kadmiyam, waɗanda duk guba ne, a cikin kofi ko kwano, komai kyan launinsa. Ɗora yankan lemon tsami a kan sheƙin ya kwana. In launin wurin ya canza, sheƙin yana zaizayewa, bai dace da abinci ba. In bai canza ba, wannan alama ce mai kyau amma ba hujja ba ce, hujja sai gwajin ɗakin bincike, kuma ƙasashe da yawa suna da doka a kan kayan da suke taɓa abinci, ka nemi ta inda kake. Cika kofi da ruwa ka ajiye a kan takarda ya kwana ka ga ko ta jiƙe. Duba ko akwai ƙananan tsage kamar saƙar gizo a jikin sheƙin. Goge gindi da takardar yashi a jiƙe don kada ya karce teburin mutane.

Masu ƙaramin aibi na ido kawai, ware su gefe ka sayar da rangwame sau ɗaya ko biyu a shekara, kana faɗin aibin. Masu tsaga a fasa su.

7. Farashi

Nan ne inda gwanaye suke faɗuwa, don haka zan daɗe a kai. Yawancin masu farawa suna lissafa yumɓu da sheƙi, su ga abin bai taka kara ya karya ba, su ɗora 'yar riba, su yi murna kaya suna tafiya. Bayan shekara sai su ga sun yi aiki kamar jaki babu abin nunawa. Yumɓu shi ne mafi araha a cikin kofi. Lokacinka ne mai tsada.

Ɗauki agogo ka auna kofi ɗaya da gaske: cuɗawa, gini, shara, mariƙi, lodi da saukewa sau biyu, sheƙi, gogewa. Kuɗin wuta kuma, duba ƙarfin tanderunka a kilowat, ka ninka da awannin gashi. Wayoyin ba sa ci gaba da aiki duk tsawon lokacin, don haka abin da ya ci zai gaza wannan adadin. Mafi sauƙi ka karanta mita kafin da bayan gashi, ka raba da yawan kayan da suka shiga.

Ga misali da alƙaluma na ƙirƙira, ka sa naka a madadinsu, da kowane kuɗi kake amfani. A ce yumɓu da sheƙi sun ci 2, wuta ta gashi biyu 2, rabon kofin daga haya da gyaran kayan aiki 4. Ka yi minti 45 a kansa, kana biyan kanka 16 a awa, wato 12. Jimilla 20. To amma cikin kofi 40 da ka gina 34 ne suka fito lafiya. Kuɗin 40 ɗin, 800 ke nan, a kan 34 zai hau, kowane ya koma kusan 24. Wannan shi ne ƙasan farashin sari. Na ɗaiɗai kuwa ninkinsa ne, 48, domin shagon da zai saya a hannunka galibi rabin farashin kanti yake biya, mai ajiye kaya ya sayar maka kuma yakan ɗauki kamasho na kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. In ka sa farashin ɗaiɗai a 24 tun farko, ranar da shago ya zo neman sari ba ka da inda za ka sauka.

Lura cewa lissafin nan bai ma taɓa awannin ɗaukar hoto da amsa saƙonni da tsayuwa a kasuwa ba, waɗanda sukan cinye kusan rabin makon mai aiki shi kaɗai. Ratar da ke tsakanin sari da ɗaiɗai ita ce take biyan su idan kai ka sayar da kanka.

Gargaɗi: kada ka yi gasa da kofin masana'anta. Ba za ka taɓa kai shi araha ba, kuma mai neman sa ba naka ba ne. Kada kuma ka sayar a shafinka ƙasa da yadda shagon da ya yi sari a wurinka yake sayarwa, ba zai sake dawowa ba. In kaya suna ƙarewa cikin awa ɗaya duk lokacin da ka fitar, farashinka ya yi ƙasa.

8. Inda za ka sayar

Fara da baje koli da kasuwannin masu sana'ar hannu, ko da ribar ba ta da yawa. A can za ka ga wane kofi hannu yake fara kaiwa, wane ake ɗauka a juya a ajiye. Wannan ilimin intanet ba ta ba da shi. Jera kaya hawa-hawa, manna farashi a jikin kowane, saboda mutane da yawa sun gwammace su wuce da su tambaya.

A intanet hoto ne yake sayarwa. Hasken taga, bango marar hayaniya, hoto daga gefe, daga sama, na gindi, da ɗaya a hannun mutum don a gane girma. Rubuta tsayi da faɗi da mililitar da yake ɗauka. Instagram da Facebook suna kawo masu kallo, kuma bidiyon hannu yana gini ya fi hoton gamammen kaya jan mutane. Etsy, shafin sayar da kayan sana'ar hannu, yana kawo masu neman saye, amma yana karɓar kashi 6.5 cikin ɗari na kowane ciniki, ga kuɗin saka kaya da na karɓar biya, kuma ba a kowace ƙasa ake iya buɗe shago a kansa ba. Ko ta ina ka bi, tara lambobi ko imel na waɗanda suka saya, da izininsu. Shafi yana iya rufewa dare ɗaya.

Koyarwa ma hanya ce. Masu gini da yawa ajin ƙarshen mako ne yake riƙe su a watannin da kasuwa ta yi sanyi.

9. Oda ta musamman

Karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, ka rubuta girma da launi da adadi da rana. Daga ɗanyen yumɓu zuwa gamammen abu akwai mako uku zuwa huɗu in komai ya tafi daidai, don haka ka ce shida zuwa takwas. Gina fiye da abin da aka nema, an ce faranti 12 ka yi 15. Kuma kada ka karɓi odar launi ko siffar da ba ka taɓa yi ba don kuɗin ya ruɗe ka, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

10. Naɗewa da aikawa

Naɗe kowane abu shi kaɗai, cusa takarda a cikinsa da ramin mariƙi. Sa a kwali, sannan kwalin a cikin wani babba, da abin cikawa na aƙalla santimita 5 ta kowane gefe. Faranti a tsaye ake jera su, da kwali a tsakani. Rufe ka girgiza da ƙarfi kusa da kunnenka. In ka ji motsi, buɗe ka ƙara. Rubutun "mai fashewa" a jikin kwali ba ya hana a jefa shi. Kuɗin kwali da aikawa a kan mai saye yake, ko ka sa shi cikin farashi, kuma ka faɗa tun farko abin da za ka yi in abu ya iso a fashe. Ni hoto kawai nake nema in aika wani.

11. Littattafai biyu

Ɗaya na tanderu: rana, abin da ya shiga, kon, awanni, abin da ya fito da abin da ya lalace. Ɗaya na kuɗi, da asusun sana'a daban da na gida, da wani kaso da kake warewa don haraji da kuma wayoyin tanderu, waɗanda dole su mutu wata rana. Yi rajistar sana'ar yadda dokar ƙasarka ta tanada.

Littafin kuɗin ne kuma zai gaya maka ko lokacin barin aikin albashi ya yi. Raba abin da kake buƙata a wata da abin da yake saura maka a kofi ɗaya bayan kayan aiki da wuta da haya, ka ga kofi nawa ke nan. Sai ka duba ko hannunka da tanderunka za su iya fitar da su, sannan ko ka taɓa sayar da adadin a wata guda. Ciniki a harkar nan yana da lokaci, yakan tashi gab da bukukuwa ya kwanta bayansu, saboda haka wata ɗaya mai kyau ba ya nuna komai. Duba na shekara cikakkiya, kuma ya kasance kana da kuɗin cefanen wata shida a ajiye kafin ka miƙa takardar ajiye aiki.